Na'urar wasa wuƙa mai saita kusurwa: gefe na sheƙi amma wuƙa ba ta yanka

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin abin a taimaka min. Na sayi na'urar wasa wuƙa ɗin nan mai mamatsi, wadda ake danne wuƙar a ciki, dutsen kuma yana jikin wani siririn ƙarfe da ake zurawa a rami gwargwadon kusurwar da mutum yake so. Duwatsu biyar tazo dasu daga mai kaushi har mai laushi. Wuƙar kicin ce mai inci 8, na sa a ramin digiri 17 na bi duwatsun ɗaya bayan ɗaya yadda takardar ta ce, gefen yayi kyau har ɗaukar ido yake amma wlh ko takarda ba ta yankawa sai dai ta yaga ta. Sannan na lura gefe ɗaya ya fi ɗayan faɗi, wajen tsini kuma ya fi ko'ina faɗi. Na'urar ce ba ta da kyau ko akwai abinda ya kamata in sani?

Dattijo:
Wa alaikumus salam ɗana. Kafin a ɗora wa na'ura laifi yi min abu ɗaya. Nemi baƙin maka, wato alƙalamin nan mai kaurin tawada, ka shafe bakin wuƙar gefe biyun daga gindi har tsini, ka bari ya bushe, sai ka ɗauki dutse mai laushi ka ja sau biyu ko uku a hankali ba dannawa. Ka je inda haske yake ka duba ina tawadar ta goge. In ta goge daga sama wajen kafaɗa, wato inda gefen da ake wasawa ya haɗu da jikin wuƙar, ta bar wani siririn baƙin layi a can bakin kaifin, to tun da ka fara dutsenka bai taɓa kaifin ba, kafaɗa kake ta ci. Ita na'urar nan aikinta ɗaya ne, ta riƙe maka kusurwa kar hannu ya yi rawa. Ba za ta gaya maka ko ka iso kaifi ko baka iso ba, wannan ido da yatsa ne ke faɗa.

Mai Kaifi:
Maganar Baba ce. Kuma inaga na san abinda ya faru, yawancin wuƙaƙen kicin irin na Turai daga kamfani suna zuwa ne wajen digiri 15 zuwa 20 kowane gefe, wasu ma sun haura 20 musamman in an taɓa wasa su da hannu ko da injin. Kai kuma ka sa 17, kaga sai ka cinye duk ƙarfen da ke tsakanin 17 da kusurwar asali kafin dutse ya sauko bakin. Wannan aikin dutse mai kaushi ne shi kaɗai, masu laushin sheƙi kawai za su ba ka.

Sabon Hannu:
To Baba nayi yadda ka ce. Gaskiya layin baƙin yana nan, siriri sosai sai da na haska tocilar waya na gan shi, daga tsakiya har tsini. Wajen gindi ne kawai ya goge duka. Yanzu in koma ramin 20 ne ko in ci gaba a 17?

Dattijo:
Madalla, an gano ciwon. Zaɓi biyu ne. In wuƙar kake so ta yi kaifi yau, koma 20 ka sake shafa maka, in ya goge har baki ka zauna nan. In kuma 17 ɗin kake so dole, sai ka koma dutsen farko mafi kaushi kayi haƙuri da shi, kar ka canza dutse sai ka ji geza.

Gezar nan ita ce siririn ƙarfen da ke lanƙwashewa zuwa ɗaya gefen idan dutse ya iso kaifi. Kana wasa gefen dama, a hagu za ka ji ta. Ka ɗora babban yatsa a jikin ruwan wuƙar ka shafo daga baya zuwa baki ka wuce, kar ka kuskura ka ja yatsa tare da tsawon kaifin. Za ka ji wani ɗan kaushi yana kama fatar yatsa. Sai ka ji shi ko'ina daga gindi har tsini ba tsallake, sannan ka juya ka yi wa ɗaya gefen har ta koma can. Wanda ya bar dutsen farko bai samu wannan ba, duk abinda ya yi a sauran huɗun ado ne.

Uwar Biyu:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in ɗan shigo da tawa matsalar tunda kusan hanya ɗaya ce. Ni ina samun gezar, ina bin duwatsun har ƙarshe, in na gama wuƙa har gashin hannu take askewa, amma da na yi aiki da ita sau ɗaya a kan katako shikenan ta dakushe kamar ba a taɓa ta ba. Ƙarfen ne mara kyau?

Mai Kaifi:
Hajiya ba lallai ƙarfen bane. Abinda ke aske gashin ba kaifin gaskiya bane, gezar ce ta miƙe tsaye, siririya ce shi yasa take aski, da ta haɗu da katako sai ta kwanta ko ta karye ta bar baki a dakushe. Ki gwada wannan, bayan kin gama ki haska tocila daga bayan wuƙar zuwa baki ki karkata ta a hankali, in kin ga siririn layi yana ƙyalli a gefe ɗaya to geza ce. Ko ki shafa auduga a gefen, in ta kama zare tana nan.

Cire ta kuma da sauƙin hannu ne. A kowane dutse in kin kusa gamawa ki rage nauyin hannu har ya zama nauyin dutsen ne kawai ke aiki, ki riƙa tura dutsen yana shiga cikin kaifin, ja ɗaya nan ki juya ja ɗaya can. Nasan juya mamatsi kowane ja akwai gajiya amma nan ne aikin yake. Wasu kuma a dutsen ƙarshe suna ɗaga kusurwa da digiri 1 ko 2 su yi ja biyu uku marasa nauyi kowane gefe, wannan yana yanke gezar daga tushe.

Dattijo:
Ƙari a kan haka 'yata, ƙarfe mai taushi irin na wuƙaƙe masu araha gezarsa taurin kai gare ta, sai ta yi ta komawa dama da hagu ba ta faɗi ba. Irin wannan kar ki bari gezar ta yi girma tun farko, da kin ji ta ki tsaya. Kuma ki duba abinda kike yanka a kai, in gilashi ne ko faranti ko dutse ba wuƙar da za ta jure.

Uwar Biyu:
Katako ne Baba. Amma maganar audugar nan ta kama, yanzu na gwada duk gefen hagu yana riƙe zare. Nagode sosai. Fatar da ake goge kaifi a kai fa, tana cire gezar?

Mai Kaifi:
Tana cire ragowar in ta riga ta zama ƙarama, ba ta cire babba sai dai ta miƙar da ita ta ruɗe ki. A fata kuma baya-baya ake ja, kaifi na bin baya, kuma ba a dannawa don fata tana lotsawa ta naɗo bakin ta dunƙule shi.

Hannu Zalla:
Ni dai gsky duk wannan wahalar ban ga amfaninta ba. Dutse ɗaya da ruwa da hannunka sun isa, mutane sun daɗe suna wasa wuƙa ba mamatsi ba digiri.

Dattijo:
Ba wanda ya musa maka, ni ma da hannu na koya. Amma wanda bai san geza ba ko dutsen hannu ka ba shi abinda zai samu kenan, wanda ya sani kuma na'urar tana ba shi gefe madaidaici da hannu sai an shekara ana yi kafin a samu. Yaron nan abinda ke hannunsa yake tambaya a kai, a taimaka masa da shi.

Mai Kaifi:
Mu dawo kan tsinin da ya ce ya yi faɗi. Wannan sananne ne, duk sanda dutse ya yi nisa da mamatsi kusurwar raguwa take saboda sandar da dutsen ke jiki ta ƙara tsawo, shi yasa doguwar wuƙa sai an riƙa matsar da mamatsin ana wasawa kashi-kashi.

Injiniya:
Yaya Mai Kaifi ka yi haƙuri, nan kam ban yarda ba, kuma maganar ta yaɗu sosai shi yasa nake so a tsaya a kanta. In bakin wuƙa miƙaƙƙe ne, kusurwar ba ta canzawa ko ka je ƙarshensa. Dalili, ramin da sandar ke ciki ɗigo ɗaya ne, miƙaƙƙen kaifi kuma layi ne, ɗigo ɗaya da layi ɗaya shimfiɗa ɗaya tak suke bayarwa, dutsen a kan wannan shimfiɗar yake yawo duk inda ya je. Ka ɗauki rufin kwano mai gangara, ko ta tsakiya ka sauko ko ka bi a karkace zuwa lungu, gangarar rufin ita ce dai ba ta canza ba, tafiyarka ce ta ƙara tsawo. Kusurwar kaifi a tsaye da bakin ake auna ta, ba tare da tsawon sandar ba.

Mai Kaifi:
To in haka ne me yasa kowa ke ganin tsini yana faɗi? Ido fa ba ya ƙarya Injiniya, na gani a wuƙaƙe da yawa ba ɗaya ba.

Injiniya:
Faɗin gaskiya ne, dalilin ne ba shi ba. Abu biyu ke kawo shi. Na farko wajen tsini bakin ba miƙaƙƙe bane, lanƙwasa yake yi, to a nan kam kusurwa tana canzawa, kuma tana iya raguwa tana iya ƙaruwa, ya danganta da inda ka danne wuƙar. In tsinin ya yi nisa da mamatsi yawanci raguwa take gefe ya yi faɗi, in ya matso kusa sosai sai ta ƙaru gefe ya tsuke. Na biyu kuma wanda ake mantawa, wuƙaƙe da yawa ƙarfensu ya fi kauri a bayan kaifi wajen tsini, saboda bakin yana hawa sama zuwa wajen gadon baya mai kauri. Ko kusurwa ɗaya ce cif, inda ƙarfe ya fi kauri dole gefe ya fi faɗi. Wannan ba na'urar da za ta gyara shi.

Maganin na farkon maka ne dai. Ka shafa, ka saita har ya goge daidai a miƙaƙƙen wajen, sai ka duba lanƙwasar. In a can kafaɗa yake gogewa ka matso da tsini kusa da mamatsi ko ka ɗan karkata wuƙar, in bakin kawai yake gogewa ya bar kafaɗa ka nisanta shi. In ka samu wurin ka ɗauki hoto ko ka auna ka rubuta don gaba.

Mai Kaifi:
Hmm. Maganar kaurin na karɓa. Ta rufin kuma sai na ɗora ma'aunin kusurwa a kan rula na gani da idona tukuna. Amma ko da gaskiyarka, doguwar wuƙa siririya in ka danne ta a tsakiya ƙarshenta lanƙwashewa yake in dutse ya hau, wannan ma yana ɓata kusurwa, don haka matsar da mamatsi bai zama banza ba.

Injiniya:
Wannan kam haka ne, siririyar wuƙa irin ta fiɗar kifi sai ka tallafe ƙarshen da yatsa ko ka matsar. In za ka gwada da ma'aunin ka tabbata yana fuskantar bakin rular a tsaye, in ka bar shi yana bin sandar zai nuna maka lamba ƙarama ka ce na yi ƙarya.

Sabon Hannu:
Ikon Allah, ina ta karantawa ina ƙaruwa. Na koma 20 da dutse mai kaushi, gefe ɗaya maka ya goge tas har na fara jin gezar da Baba ya faɗa, amma da na juya ɗaya gefen a ramin 20 ɗin dai sai ya koma cin kafaɗa. Ya akai rami ɗaya ya ba da kusurwa biyu?

Dattijo:
Wuƙar ba ta zauna daidai a mamatsi ba. Irin wuƙar kicin da jikinta ke sirancewa tun daga gadon baya har baki ba ta da wuri shimfiɗaɗɗe da mamatsi zai kama, sai ta kwanta a jikin leɓe ɗaya, kaga ta karkata, gefe ɗaya kusurwa ta ƙaru ɗayan ta ragu. Shi ne ma dalilin da ka ga gefe ɗaya ya fi faɗi tun farko. Ɗaga mamatsin ka leƙa ta wajen tsini, ka ga ko ruwan wuƙar yana tsakiyar leɓɓan biyu ko ya jingina. Gyaransa ka liƙa tef a inda za a kama, ko ka sa 'yar siririyar fata ko roba gefe da gefe ta cike giɓin. Sannan irin mai sukurori biyu, na gaba ake fara saitawa daidai kaurin wuƙar, na baya shi ke ɗaurewa, so ake leɓɓan su kwanta a jikin ƙarfen ba su cije da baki kawai ba. In ka gama ka kama ƙotar ka girgiza sama da ƙasa, in ta motsa ba ta kamu ba.

Injiniya:
Kuma a daina ɗaukar lambar da ke jikin ramin kamar dole ita ce. Misali na'urar Lansky ramukanta 17, 20, 25 da 30 ne, Work Sharp Precision Adjust kuma daga 15 zuwa 30 ake murɗawa, amma duk irin waɗannan lambar tana daidai ne a wani nisa guda tsakanin rami da kaifi. Lissafi ne mai sauƙi, a ce ramin yana sama da wuƙa da santimita 5, kaifin kuma yana nisan santimita 14, kusurwa kusan 20 kenan. Ka sa faffaɗar wuƙa kaifin ya koma nisan 16, ramin bai canza ba amma ka sauko kusan 17. Wuƙar kicin faffaɗa ce, don haka 17 ɗin da Sabon Hannu ya sa tun farko zai yiwu ƙasa da haka yake wasawa. Ƙaramar wuƙar aljihu kuma akasin haka, har wani lokaci a ƙaramar kusurwa dutsen kan ci mamatsin ne ba wuƙar ba. Mai ƙaramin ma'aunin kusurwa na dijital ya fara saita sifilinsa a jikin mamatsi sannan ya ɗora a dutse, ya auna gefe biyun. Kuma lambobin nan na gefe ɗaya ne, 20 da 20 kaifin gaba ɗaya 40 kenan.

Mai Kaifi:
Akwai wani abu da ba a taɓo ba, kaurin duwatsun. A na'urori irin Edge Pro da makamantansu da dutse ke ƙarƙashin sanda, dutse mai kauri yana rage kusurwa, siriri yana ƙara ta. Dutse mai kaushi shi ya fi saurin cinyewa, to ka gama da shi ya sirance ka ɗauko mai laushi da ke nan da kaurinsa, sai ya koma goge kafaɗa kai kana zaton kaifi kake gyarawa. Shi yasa duk canjin dutse nake sake shafa maka. Irin mai sanda da ake ɗaurawa da sukuri kuma ka kifa dutsen a kan tebur ka ga sandar ta kwanta daidai da fuskarsa kafin ka ɗaure, in sandar ta lanƙwashe ka miƙar da ita. Dutsen da ya yi kwari a tsakiya a baje shi a kan farantin daimon ko gilashi da garin silikon kabaid.

Ɗan Koyo:
Salam, ni tambayata wuƙar aljihu ce ƙarfen S30V, duwatsun da suka zo da na'urata kamar santsi kawai suke a kai ba sa ci.

Injiniya:
Fara da wanke dutsen, in ya toshe da garin ƙarfe ya yi baƙi ba zai ci ba, ɗan mai ko sabulu da buroshi ya isa. Amma S30V akwai banadiyam kusan kashi 4 cikin ɗari a ciki, ƙwayoyin kabaid ɗinsa sun fi alumina tauri, wanda shi ne akasarin duwatsun nan. Zai wasu amma a hankali sosai, in sake kusurwa za ka yi ka nemi na daimon. Sai dai kar ka danna, dannawa tana ɓamɓare ƙwayoyin daimon daga farantin. Sabon farantin daimon kuma yana da kaushi fiye da lambarsa, ka fara da wata wuƙar da ba ka ji da ita.

Sabon Hannu:
Alhamdulillah. Na sa tef na sake ɗaurewa, na leƙa ta tsini tana tsakiya, gefe biyun maka ya goge iri ɗaya a 20. Na samu geza nan da can, na bi sauran duwatsun ina rage hannu kamar yadda aka gaya wa Hajiya. Yanzu takarda tana yankuwa ba yaga, sai wajen gindi kamar faɗin yatsa ɗaya da har yanzu yake kamawa, kuma kan tsinin ya ɗan dunƙule. Allah ya saka da alheri Baba da kowa.

Dattijo:
Amin ɗana. Tsinin dutse ne ke zamewa ya faɗa ta kansa, ka riƙa tsayar da ja tun tsinin yana tsakiyar faɗin dutsen, kar ka bari ya wuce. Zai dawo a hankali in kana wasawa, kar ka bi shi da ƙarfi yau. Wajen gindin kuma sake shafa maka a nan kaɗai ka duba, sau da yawa ƙarfen ya fi kauri a wurin ko dutsen yana hawa kan kafaɗar ƙota yana ɗagawa. Koma dutse mai kaushi ka yi gajerun ja a wurin har geza ta fito, amma kana yi kana haɗawa da dogon ja zuwa tsakiya, in ka tsaya wuri ɗaya za ka yi wa bakin kwari ya daina taɓa katako.

Mai Kaifi:
Injiniya na gwada da rular. Tsakiya da ƙarshe bambancin bai kai rabin digiri ba, kuma inaga motsin da sandar ke yi a ramin ne. Wa ya san yadda ake rage wannan motsin ba tare da sandar ta cije ba?

Injiniya:
Ka sa yatsa ɗaya a bayan ramin ka riƙe sandar tana jingine da gefe guda na ramin duk tsawon aikin, ko sama ko ƙasa, in dai ba ka canzawa. Wasu suna zura ɗan guntun bututun roba a ramin ya cike giɓin, in ka yi haka ka ɗiga mai kaɗan a sandar.